Ƙafa Bakwai, Babu Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina hura wutar tukunyar ƙasa
a gidan iyo na Titin Masaƙa,
a wani garin arewacin Ingila da ruwan sama ya mayar gidansa.
Da majalisar gari ta ce babu kuɗin gyaran rufi
sai aka zare toshiya, ruwa ya tsiyaye cikin kwana biyu.
Aka bar mini makullai, ban san dalili ba.
Tantabaru suka karɓi aikin.

Bana sai ga su da motar haya da tulin wayoyin lantarki.
Masu fasaha, in ji takardar.
Imogen Tattersall, yarinya mai takalman sojoji,
ta ce in nuna mata ɗakin tawul.
Ɗari huɗu da sha biyu muka ƙirga,
kowanne da tambarin gari, kowanne da warin danshi.
Ta rataye su da zaren kamun kifi
daidai inda fuskar ruwa take a da.
In an buɗe ƙofa sai su motsa gaba ɗaya.
Na ce mata, wannan ai shanya ce.
Ta ce, to, shanya ce.

Rafferty kuwa na'urar ɗaukar sauti kawai ya kawo.
Kwana uku yana zaune a ƙasan kwarmin
yana naɗar shiru.
Na ce, yaro, ka makara,
hayaniyar ta watse tun ba a haife ka ba:
usur ɗin Mista Ogden, ihun 'yan makaranta ranar Laraba,
matan masaƙa masu biyan kwabo biyu
su wanke ƙurar auduga daga gashi da bayan kunne.
Bai ce komai ba, ya miƙo mini abin sauraro.
Na ji ɗigon bututu na uku,
wanda na yi alkawarin ɗaurewa wata Juma'a
da har yau ba ta zo ba.

Farzana Mirza ta bi gida-gida da tambaya guda:
wa ya koya maka iyo?
Ta rubuta amsoshin da shuɗin alli a kan farin tayil.
Kawuna. Wata mata mai jar hular roba.
Babu kowa, turo ni aka yi.
Da ta iso kaina na ce ina da aiki a ƙasa.
Wanzami ba ya son jarfa:
na ɗumama ruwan da rabin gari ya koyi iyo a ciki
ban taɓa tsoma ko idon sawu ba.

Daren buɗewa aka kashe fitilu,
majigi ya zuba shuɗin haske har bakin kwarmi.
Winifred Sugden, shekara tamanin da takwas,
wadda kofinta ke tsatsa a kabad ɗin ofis,
ta jingine sanda, ta bi tsani da baya-baya,
ta ɗago kai ta ce, Clifford, sauko.
Mutane suna kallo. Na sauka.
Ta riƙe hannuna muka gangara,
haske a gwiwa, haske a ƙirji,
tawul ɗari huɗu suna lilo a samanmu,
har bangon da aka rubuta ƙafa bakwai.
Ta dubi kumatuna a kumbure, ta bushe da dariya:
numfasa mana, sakarai, babu ruwa.

Na roƙi Farzana guntun alli.
A can ƙasa, kusa da magudana, na sami tayil da ba kowa.
Rubutuna ba kyau, amma ana karantawa.

Washegari na zo da sifana saboda bututu na uku.
Rafferty ya tare ni a ƙofa,
ya ce don Allah in bar shi ya ɗiga
har ƙarshen wata.