Gwaji na Sha Tara

Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta,
ƙarfena bai gama narkewa ba.
Na rubuta: na sha tara, ya lalace.

Ɗazu a Ƙofar Ruwa
na tsuguna ina tsintar tsofaffin fistin.
Ɗanjummai ya auna min kilo uku,
ya ce, “Dakta Bara’atu, duk karatun nan
a ƙare a bola?”
Na biya, ban tanka ba.

Tambayata ɗaya ce:
me ke tsaga gindin tukunyar sanholo
tun ba ta shekara bisa murhu ba?
Na ƙara tagulla, ta yi tauri,
ta kuma yi taurin kai.

Ƙarƙashin madubi ƙarfe ba sumul yake ba.
Lunguna ne kamar na Yakasai,
tsaga tana bin katangar gida da gida.

Kakana kan ƙwanƙwasa tukunya da zobe,
ya kasa kunne,
ya ce, “Wannan maƙaryaciya ce.”
Ni lambar abin da ya ji nake nema.

Bayan isha’i wuta ta dawo.
Na share sikeli.
Na ashirin.