Kwano na Sha Ɗaya

Daren Talata suka fasa ƙwai
a bayan gidanmu na San Gregorio,
inda ruwan magudana ke lasar gindin katanga.
Na ƙirga da tocila: arba'in da uku.
Zare ne mai idanu biyu,
waƙafi da wani ya yar cikin ruwa ya tafi.

Baba Macario ya turo kekensa har bakin ƙofa.
"Yau kada ki ba su komai, Eustolia.
Gwaiduwa na nan a cikinsu,
guzurin da uwa ta ƙulla musu
ba tare da ta san fuskar ko ɗaya ba."

Kwana biyu, yunwa ta buɗe baki.
Jaririn aholote ba ya kallon mushe,
sai abin da ke wutsil-wutsil a gaban hancinsa.
Na koyi ƙyanƙyasar ƙwan jatan lande a kwalbar ruwan gishiri,
in tace da tsohon hankicin Mama,
in ɗauraye sau biyu,
in ɗiga musu da sirinji kamar mai raba magani.
Kafin la'asar tumbinsu ya rine
da launin furen sempasucil
da muke nomawa don ranar matattu.

Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti
ya huce zafin ransa.
Watan Mayu ya zo da fushi,
na jera kwalaben ƙanƙara kewaye da daro,
na kori madara daga firiji.
Duk da haka biyar sun yi fari, sun lanƙwashe.
Na zuba su a gindin itacen bakin ruwa,
ban faɗa wa Baba ba.
Ya ƙirga da kansa.

Ya ce a zamaninsa
in ka tsoma filafili a Xochimilco
sai ka ba aholote haƙuri.
Yanzu karfasa ta cinye ƙwai, ta cinye 'ya'ya,
masu yawon kwalekwale na sayen hotonsa a jikin riga.

Mako na uku hannaye suka ɓullo,
siraran gashin ido,
rassan numfashi na kaɗawa a gefen kai.
A nan ne babba ya hango ƙane.
Ba mugunta ba ce, idon ne bai nuna ba:
duk abin da ya gifta, abinci.
Na wayi gari da dungu a cikin daro.

Na wanke robobin yogot talatin da takwas,
kowa da ɗakinsa, kowa da lambarsa.
Na sha ɗaya ba shi da hannun hagu,
yana iyo a karkace, yana zagaya kansa.

"Wannan nawa ne," in ji Baba.
Bara, a asibiti, ciwon suga ya karɓe masa ƙafa
daga ƙasan gwiwa,
ƙafar da ta shekara sittin tana taka laka.

Kullum da asuba, kafin kofi,
yana duƙe da gilashin karatu biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Dungun ya yi sumul.
Dungun ya yi ƙurji.
Ƙurjin ya miƙe, ya yi tsini, ya tsage.
Bai ce uffan ba, sai dai ya rage masa ruwa,
ya tsotse kashi da sirinji,
hannunsa na rawa, ba ya zubarwa.

Ran Asabar ya kira ni da ƙarfi har kare ya farka.
"Zo ki ƙirga, idona na iya ƙarya."
Ɗaya. Biyu. Uku.
Na huɗun kamar ƙurar gari, amma yatsa ne.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Da ya lafa, tafinsa ya sauka kan gwiwa,
wurin da na naɗe wando na soke da fil.
Ya daɗe a nan.
Can waje wani na tura kwalekwale cike da latas.

"Taɓa ki ji," ya ce.
"Ruwan nan ya soma ɗumi.
Kawo na bokiti."