Rakshar Dare

Ni ba likita ba ne. Raksha nake ja
daga Mai Wurno zuwa asibitin Sinnar,
amma bugun ƙofa ya koya mini karatu.
Wanda ya ƙwanƙwasa sau uku ya jira, fasinjan kasuwa ne.
Wanda ya daka da tafi biyu, babu sallama,
yaro ne a kafaɗarsa.

Na ɗauki ɗan Mahasin, wata goma sha huɗu,
zazzaɓi ya sandarar da shi kamar icen gabaruwa,
idanu sun kafe, fari fat.
Kakarsa na neman cusa masa cokali a baki,
na ce, Hajjo, bari, kwantar da shi ta gefe,
haka malamar asibiti ta gaya mini bara.

Na ɗauki Siddiƙ, da ya ga kwalbar lemo a bayan murhu.
Kananzir ne a ciki.
Duk hanya warin nake shaƙa daga numfashinsa,
ubansa na cewa a sa shi amai,
ina cewa kul, ina ƙara wuta.

Kunama a cikin takalmi.
Butar shayi da ta kife a cinyar mai rarrafe.
Ƙwallon dabino a maƙogwaron Intisar.
Sai gudawar damina, wadda ba ta da ihu:
yaro ya yi laushi kamar tsumma,
maɗiga ta faɗa, kuka babu hawaye.
Ita na fi tsoro,
don ita ake ce wa bari gari ya waye.

Akwai wadda ban kai ba.
Ba zan kama suna ba, katanga ɗaya ta raba mu.
Kwana uku haƙarƙarinta na shiga yana fita,
ana jiran kuɗin riɗi.
Daidai lambunan mangwaro na bakin kogi
uwar ta ce, Tijjani, rage gudu.
Ban tambaya ba.
Na rage.

Tun ranar nake kwana da tanki cike,
makulli a ƙarƙashin matashi, takalmi a bakin gado.
Kuɗin mai, a kawo in an sallamo ku.

Jiya Siddiƙ ya jefi rakshata da ɓawon kankana,
ya arce yana dariya.
Na ɗaga hannu kamar zan bi shi,
sai na tsaya
ina kallon yadda ƙafafun nan ke gudu.