Mai Tsirkiya Huɗu

A fadar Illa, bayan isha'i,
shayi ya kai zagaye na uku, ɗacinsa ya kwanta,
sai gardamar da ta girmi ƴaƴanmu ta miƙe:
cikin Tsawar Adar, su huɗun nan, wa ya fi?

Arzika bai taɓa sauya baki ba.
Nomau, in ji shi, Nomau mai murya,
wanda in ya kama makirfo a gidan matasa
ƴan matan Bilbis ke mance hanyar gida.
Illa ya ce kunnenka na ado ne.
Ina ka bar Agali,
mai yatsun da ke sa jita kuka
kamar taguwar da aka raba da ɗanta?
Daga ƙarshen benci wani ya jefo Tankari,
aka tuna daren da ya fasa fata biyu
ya ƙarasa kiɗan a bayan tasa.

Da ido ya zo kaina na ce: Bizo.
Illa ya tsaya da buta a sama.
Wane Bizon?

Ban ga laifinsa ba.
A hoton kaset ma rabinsa aka ɗauka,
kafaɗa guda, kunne guda, da wuyan jita
mai tsirkiya huɗu, masu kauri kamar igiyar guga.
Ni kaina shekara ashirin ina na Nomau.
Na tara suma irin tasa har Baba ya kira wanzami.
Na sayi wando mai faɗin ƙafa da kuɗin albasa
na share ƙurar Tawa da shi kyauta.

Rakodar da na gada wurin yayana
lasifikarta ɗaya ta mutu tun kafin ta zo hannuna.
Ban sani ba. Na ɗauka haka waƙar take,
murya a sama, jita na yawo, ganga na bi,
ƙasa kuwa babu kowa.

Shekarar da Rakiya ta rasu
dare ya yi mini yawa, hannu ya rasa abin yi,
na kwance rakodar a kan tabarma
na sami waya guda ta saki, siririya,
na ɗana mata dalma.
Na mayar da kaset ɗin da na haddace kamar karatun allo.

Sai ga mutum a ciki.

Yana can ƙasa, yana tafe a hankali,
dum, dum, kamar sakan gero a gida na uku,
wanda ba ka ji sai ka yi shiru.
Inda Nomau ya ja numfashi, shi ke riƙe wurin.
Inda Agali ya hau sama ya ɓata,
shi ke tsaye da fitila har ya dawo.
Shekara ashirin yana ɗakina yana aiki
ban taɓa ce masa sannu ba.

Na zauna har batir ya mutu.
Na tuna wa ke cika randa kafin in farka,
wa ke rage wutar fitila in barci ya sace ni.
Ban faɗa wa fada wannan ba.

Abin da na ce musu kawai:
ku rufe lasifikar hagu da tafin hannu, ku ji.
Arzika ya rufe. Waƙar ta rame nan take,
ta tsaya tsirara kamar rumfa ba ginshiƙi.
Ya ɗaga hannu, ya sake rufewa, ya ɗaga.

Duk da haka Nomau, in ji shi,
amma a hankali ya faɗa.
Illa ya zuba mini na huɗu, wanda ba a zubawa,
ruwan zafi ne kawai da ɗan tunanin sukari.
Na sha.