Noti Ɗaya

Asabar ta uku ke nan
notin taya ɗaya yana raina mini hankali.
Na tsiyaya masa mai, na bar shi ya kwana biyu yana jiƙa,
na gasa shi da wuta har ya yi jajir,
na sa sifana, na ƙara mata bututu don tsawo,
na hau da dukan nauyina.
Ko gezau.

A waje Nebraska ta rufe fari fat,
karan masara kaɗai ke leƙowa ta cikin ƙanƙara.
A gareji daga ni sai murhun kananzir mai tari,
sai akori-kurar mahaifina,
ƙirar sittin da takwas, koriya a da,
yanzu tsatsa ta bi gefenta kamar gara ta samu zana.

Vernon Hruska ba ya yarda a taɓa masa ita.
Ina yarinya, aikina riƙe tocila.
"Nan, Lorna, nan!
Hannuna za ki haska, wa ya ce ki haska fuskata?"
Yau tocilar a bakina take, na cije ta da haƙori,
yawu na bin haɓata.

A bangon katako ga rubutunsa da fensir:
baƙin mai, ranar kaza, mil kaza.
Filogi. Fambel. Birkin baya.
Layi ƙarƙashin layi, daga saitin ido har ƙugu,
sai ya tsaya cak a wani Oktoba.
Daga nan katako ne zalla.

Abin da bai rubuta ba shi nake tonowa.
Salansa ɗaure da wayar shinge,
"kafin Litinin," in ji shi, lokacin ina aji shida.
Guntun tiyon ban ruwa a madadin na lagireto.
Gidan ɓera a matatar iska,
an shimfiɗe shi da audugar kujera,
da ƙwayar masara bakwai, ajiyar wani magidanci.
Na kwashe, na ba su haƙuri.

Wajen sha ɗaya Delbert Kucera ya tsallako titi
da kofin gahawa yana hayaƙi.
Ya tsaya, hannu ɗaya a aljihu.
"Sayar wa 'yan gwangwan ki huta.
Abin da kika zuba a batir kaɗai ya fi kuɗinta."
Ban tanka ba.
Ya kurɓa, ya yi tsaki,
ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ƙara,
ya goge kan ƙarfen da babban yatsa, ya daɗe yana duba.
"Gefen hagu ne wannan, yarinya.
Irin waɗannan zarensu a juye yake.
Mako uku ɗaure shi kike ta yi."

Shekaruna hamsin da shida, yarinya.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse,
ba wanda ya ce in duba ko a kife tukunyar take.

Na juya sifana dama.
Ya yi ƙara ɗaya, siririya, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba,
ya saki.
Sifana ta zame, bayan yatsuna uku ya tafi da fata.
Delbert ya yi dariya har gahawa ta zube masa a takalmi,
ni ma na yi, ina tsotsar jini da giris.

Taya ta fito. Bayanta ga birki ya cinye har ƙarfe,
sifirin ɗaya ya karye, man birki ya bi ya jiƙe komai.
Mai shago a Valentine ya ce kwana tara,
in hanya ta buɗe.

Na nemo fensir a gwangwanin ƙusoshi,
na fiƙe shi da wuƙa.
Ƙarƙashin Oktoban nan na rubuta:
Janairu. Noti ɗaya, hagu.
Saura huɗu.