Tuta Ta Uku

Ina da shekara bakwai aka ɗaure ni a bishiyar kwakwa.
Babana ne, da zanen ƙugunsa, ƙulli biyu.
Ya ce, "Jhorna, kome kika ji, kada ki kwance."
Da gari ya waye bishiyar na nan, ni ma ina nan.
Shi ne ruwan bai maido ba.

Yanzu ni ke riƙe da lasifika a wannan gefen Bhola,
riga ruwan lemo, usur a wuya, rediyo mai cin batir.
Tun rani nake bin gidaje muna tona rami da mata:
busasshiyar shinkafa a gwangwani, ashana a leda,
jarkar ruwa, takardar gona, maganin gudawa.
A rufe, a kafa sanda don kada wurin ya ɓace.
Masu shan shayi a bakin kasuwa suna dariya,
wai ga mai binne abinci tun bai mutu ba.
Na ƙyale su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Talata na ɗaga tuta ɗaya, jirage suka juyo gida.
Laraba biyu. Hankaki suka bar gaɓa.
Da na ja ta uku, igiya ta yanke ni a tafin hannu,
teku ya koma launin tsohuwar kwasa.

Na bi datsi ina kira har murya ta dushe:
Ku fito! Ku hau makaranta! Ku bar tukwane!
Mai ciki a gaba, makaho a kafaɗar jikansa,
awaki na kuka, yara na riƙe da bakin zane.

Saura Nitai.
Tsoho ne, kurma idan ya ga dama.
Na same shi zaune a garke ya rungume wuyan saniya.
Ya ce, "Guguwa huɗu na gani daga wannan ƙofa.
In Lokkhi ba ta tafiya, ni ma ina nan."
Ban yi masa wa'azi ba, lokaci ya ƙure.
Na kwance saniyar, na ja ta cikin ruwa iya gwiwa.
Sai ga shi a bayana, yana zagina, yana tafe,
yana zagina har matakalar makaranta.

Mu ɗari uku da sha ɗaya a aji huɗu.
Na ƙirga da fitila, na sake ƙirgawa.
Iska na dukan taga kamar mai bin bashi.
Musulmi na salati, Nitai na kiran nasa,
ba wanda ya ce wa wani ya rage murya.
Can tsakar dare Shiuli ta fara naƙuda a bayan allo.
Muka yi mata labule da zannuwa,
malamin lissafi ya riƙe tocila yana kallon bango,
na tafasa reza a kan risho.
Kafin asuba lissafina ya ƙaru da ɗaya.

Da safe babu kasuwa, babu teburin mai shayi.
Gishiri ya kwanta a gonaki, kifi a kan hanya,
rufin gidana na rataye a bishiyar wasu.
Muka bi laka muna neman sanduna.
Bakwai sun tafi. Sha tara na tsaye.

Wanda ya fi kowa dariya shi ya karɓi shebur.
Bai dube ni ba, ni ma ban ce kome ba.
Gwangwani ya fito, ashana ta kama a ƙyastu na biyu.

Nitai ya tatso Lokkhi, rabin kofi ta bayar,
ya miƙa wa mai jego, ya juyo gare ni:
"Kin ja ta da ƙarfi. Dubi wuyanta."
Na duba. Gaskiyarsa, igiya ta goge fata.
Na shafa mata man da na shafa wa hannuna.