Mai Liba

Na naɗe ta cikin tsohon bargo,
Na tari Adaidaita a Gwammaja.
Direba na ta satar kallo,
Na ce, "Sandar kakana ce."
Lasisinta na cikin aljihu,
Ya yi laushi don yawan ninkewa.

A bayan Kurmi, layin maƙera,
Ilu Gwani na zaune kan turmi.
Ido ɗaya ya tafi tun tuni,
Ɗayan ko shaho ya san da shi.
Ni ko sannu ban samu ba,
Bindigar ya fara gaisarwa.

Ya ja libar ƙasa, ya mayar,
Ya kasa kunne, ya sake ja.
Ya ce, "Ka ji ta? Raɗa take yi.
Ƙarfen da ya goga ɗan'uwansa shekara ɗari
Ya daina ihu, ya bar gaggawa."

Sai ya jawo wata ƙarƙashin benci,
Wani ɗan Kwari ya kawo jiya,
An ce masa ta zamanin Turawa ce.
"Dubi tsatsarta," yana dariya,
"Ruwan batir aka shafa mata.
Tsatsar gaske ba ta bin layi,
Inda gumin hannu ya kwana take kwana.
Lambarta ko, inji ya zana,
Duk kansu ɗaya kamar haƙoran roba.
Duba taka: bakwai ɗin ta karkace,
Ran nan mai bugawa ya gaji da bugawa."

Zuciyata ta hau lissafi,
Bandir nawa na kwanon rufi,
Bashin shago, kuɗin makarantar Azumi,
Har da canjin da zan yi ta ƙirgawa.

Sai ya juya ƙotar, ya shinshina,
Ya kankara da farce, ya yi shiru.
"Icen nan bai hau jirgi ba.
Maɗaci ne. Wa ya sassaƙa?"
Baba Datti ne. Ina ɗan bakwai.
Ta asalin ta tsage masa a Falgore,
Ya kwana tara a zaure da gizago,
Ni ke riƙe fitila, ina gyangyaɗawa.

"To, rabin kuɗinka ya tafi.
Masu saye asali suke bi,
Ko ruɓaɓɓe ne, ba sa son gyara.
Da ya bar ta a tsage, da ka warke."
Na haɗiye yawu, ban da abin cewa.

Ran Asabar muka fita bayan gari,
Wani rami da aka gama ɗibar ƙasa.
Gwangwanin madara a kan dutse.
Sabuwar na ɗauka, ban ko nutsu ba,
Tau! Gwangwani ya tashi sama.
Ba ruwanta da wanda ke harbawa.

Ga tsohuwar ya ba ni harsashi mai sanyi,
"Ba a sa tsohuwa tsere," in ji shi.
Na farko ya bi hagu da taƙi guda.
Na biyu, hagu. Na uku, hagu.
Kwanso na faɗuwa gefen ƙafata,
Kunya na ta ƙaruwa.

Ilu ya shafa ƙotar da yatsa,
Ya tsaya kan wani ɗan kwarmi.
"Kana zaton gizago ne ya zame?
Ya san halinta. Sa kuncinka nan."
Na sa. Ƙamshin man gyaɗa da taba gari,
Kamar na jingina da kafaɗarsa.
Na ja kunama ban ko numfasa ba,
Gwangwani ya yi rami yana gangarawa.

Ya faɗi farashi. Bai kai rufi ba,
Ya dai fi ƙarfin bashin shago.
Na ce zan yi shawara da gida.
Ya ce, "Kowa haka yake cewa."

Daren nan hadari ya taso daga gabas.
Na rataye ta nesa da inda ke yoyo,
Na tura roba tsakiyar ɗaki,
Na kwanta ina jin ɗigon na sauka.
Har asuba ban gama yanke shawara ba,
Robar ko ta kusa cikowa.